Tsoron ciwon daji ya sa na daina shan maganin dashen ɓargo a ɓoye

Assalamu alaikum Anti. Ni budurwa ce, shekaruna 24, a Kano nake. Da sikila aka haife ni. Shekara uku da suka wuce Baba ya sayar da gonarsa da filin da ya gada, aka kai ni Indiya aka yi min dashen ɓargo, yayana ne ya ba ni nasa. Alhamdulillahi tun daga nan ciwon ƙashi bai sake kwantar da ni ba. Sai dai wata takwas bayan dashen fatata ta fara canzawa, wani wuri ya yi baƙi ƙirin, wani ya yi fari-fari, ta cinyoyina ta yi tauri, bakina kullum a bushe. Likitoci suka ce GVHD ce, wato garkuwar jikin da ta zo da sabon ɓargon ce take faɗa da jikina, suka ɗora ni a kan saikulosforin da firedinisolon da borikonazol, har zuwa bana ina sha.

Yanzu wata huɗu ke nan gyambo ya buɗe a idon sawuna, daidai kan tabon wanda na yi fama da shi ina sakandare. Gefensa ya taso, da an taɓa sai jini. Na duba a intanet na ga wai magungunan nan suna kawo kansar fata. Tsoro ya kama ni, yau kwana 12 rabona da su, kuma ba wanda ya sani. Likita a nan ya ce a yanki ɗan nama a gwada, Umma ta ce ba da yawunta ba, daji ba ya son ƙarfe. Ta karɓo garin magani ana barbaɗa min. Bikina saura wata uku. Gwaggona ta kawo min mai na haɗi wai zai daidaita launin fatar, har ta yi wa mai gyaran jiki magana. Yayana kuwa tun da ya ji cewa jininsa ne yake faɗa da jikina, ya daina haɗa ido da ni. Wanda zan aura ya san an yi min dashe, amma bai san sauran ba. Ina jin nauyin sake ɗora wa Baba wani kashin kuɗi. Anti, ya zan yi?

Wata baiwar Allah, Kano

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, 'yata. Allah Ya ƙara miki lafiya, Ya saka wa Baba da yayanki da mafificin alheri. Sau biyu na karanta wasiƙarki, kuma cikin duk abin da kika zayyano, wanda ya fi tsaya min a rai shi ne kwana 12 ɗin nan da kika yi ba magani. Da shi zan fara, sauran su jira.

Yau ɗin nan, kafin ki kwanta, ki nemi likitan jinin da yake duba ki a Kano, ki kuma tura saƙo ga waɗanda suka yi miki dashen a Indiya ta lambar da suka ba ku. Ki faɗa musu ranar da kika daina da sunan kowane magani, ba ragi ba ƙari. Kada kunya ta sa ki ce kwana uku ne, domin da lissafin da kika ba su za su yi aiki. Kuma kada ki koma ki ci gaba da haɗiyar magungunan da kanki kamar ba a yi komai ba. Su za su faɗa miki ta inda za a ɗora, wataƙila bayan sun auna jini da hanta da ƙoda. Abin da ya sa nake gaggawa shi ne, jikin ɗan Adam yana da wasu 'yan ƙananan halittu a saman ƙoda masu samar da sinadari irin na firedinisolon. Idan mutum ya daɗe yana shan maganin, sai su yi kwance su bar masa aikin. Ranar da aka yanke shi farat ɗaya, ba na kwalba, ba na jiki, sai jiri da amai da mutuwar jiki, jini ya yi ƙasa, wani har ya kai ga suma. Shi kuwa saikulosforin shi ne linzamin GVHD ɗin. Da an cire shi tana iya tasowa fiye da da, ta bar fata ta nufi hanta ko huhu, kuma ɓarnar da take yi wa huhu ba kasafai take gyaruwa ba. Saboda haka idan kika ji zazzaɓi ya kai 38, ko amai da gudawa, ko idanunki suka yi rawaya, ko numfashi ya fara yi miki wuya in kin hau bene, kada ki jira wayewar gari, a tafi asibiti ko da tsakar dare ne.

Ban ce kin yi wauta ba. Kin tsorata ne ke kaɗai da waya a hannu, kuma abin da kika karanta yana da tushe. Bari in warware miki shi yadda likita zai yi in yana da lokaci.

Kullum ta Allah a jikin kowa ana samun ƙwayoyin halittar da suke kauce hanya, su fara hayayyafa ba bisa ƙa'ida ba. Garkuwar jiki ce take zagaye kamar 'yan sintirin unguwa, ta kama su tun ba su yi ƙarfi ba. To ke da aka yi miki dashe, an sallami tsofaffin 'yan sintirinki gaba ɗaya, an kawo na yayanki. Sun zo da ƙarfinsu, amma baƙi ne, ba su san 'yan unguwa ba. Sai suka riƙa tare masu gida suna duka, wato fatarki da cikin bakinki. GVHD ke nan. Magungunan da aka ba ki ɗaure musu hannu suke yi don su bar masu gida su sarara. Amma ɗan sintirin da aka ɗaure wa hannu, ɓarawon gaske ma zai iya wucewa ta gabansa. Ga kuma abu na biyu, fatar da ta daɗe tana kumbura tana warkewa kamar katangar da ake rushewa ana yaɓe ce, yawan gyaran ma yana buɗe ƙofar kuskure. Shi ya sa haɗarin yake zuwa ta fuska biyu, ta maganin da kuma ta cutar da ake ba da maganin dominta. Idan kika bar GVHD ta ci karenta babu babbaka, ba ki tsere wa dajin ba, kin dai canza masa ƙofar shiga. Borikonazol kuma nasa daban ne. An ba ki shi don ya kare ki daga cututtukan funfuna masu kama huhun mai raunin garkuwa, amma yana sa fata ta kasa jure rana, kuma an tabbatar doguwar shansa tana ƙara haɗarin nau'in kansar fata da likitoci suke taƙaitawa da SCC.

Yanzu ga girman abin, don kada tsoro ya auna miki shi da mudunsa. A cibiyar Fred Hutchinson da ke Siyatil a Amurka, inda Dakta Donnall Thomas da ya samu kyautar Nobel a 1990 kan dashen ɓargo ya yi aikinsa, an bi diddigin mutum 4,810 da aka yi wa dashe da ɓargon wani, aka fitar da sakamakon a 2006. Cikin shekara 20, kashi 3.4 cikin ɗari ne suka kamu da SCC, kashi 6.5 kuma suka kamu da ɗaya nau'in mai laushin hali da ake kira BCC, wanda ya fi bin masu farar fata da waɗanda aka gasa wa jiki da haske kafin dashe. Masu GVHD irin taki haɗarinsu ya ɗara na sauran, wannan gaskiya ne. Amma ki duba alƙaluman da kyau, mafi yawan mutanen nan sun shekara 20 ba su ga komai ba.

Sai dai kada ki ce ai mu baƙar fata ba ruwanmu. Launinmu yana tare mana kaso mai yawa na ɓarnar rana, amma a wajenmu SCC ta fi son wuraren da rana ba ta ma cika gani ba: ƙafa, tsohon tabon ƙuna, gyambon da ya daɗe, cikin baki, da al'aura. Dajin da yake tsirowa a kan tsohon tabo har suna gare shi, gyambon Marjolin, sunan wani likitan tiyata na Faransa da ya yi bayanin irin waɗannan gyambuna a 1828. Wannan ne ya sa ba zan ce miki ki kwantar da hankali ki manta da idon sawun nan ba.

Abubuwa da dama za su iya buɗe gyambo a wurin. Tabon gyambon sikila dama wuri ne mai ƙarancin gudun jini, yana iya sake fashewa ko bayan dashe. Fatar da GVHD ta taurara takan tsage ta ƙi haɗewa. Firedinisolon yana jinkirta warkewar ciwo. Ƙwayar cuta ma tana iya samun wurin zama. Dajin tsohon tabo kuma galibi yakan ɗauki shekaru masu yawa kafin ya fito, ke kuwa yarinya ce. Duk waɗannan suna ba ni kyakkyawan zato. Amma wata huɗu ba warkewa, gefe ya taso, ga jini da an taɓa, kuma a jikin da garkuwarsa take ɗaure, ba likitan kirkin da zai kalla da ido ya ce miki ba komai. Wanda ya ce a yanki nama a gwada ya yi daidai. Ki nemi a yi shi cikin makon nan, a wurin likitan fata ko likitan tiyata a asibitin koyarwa, ga na Malam Aminu Kano nan kusa da ke. Aikin bai kai yadda ake tsoronsa ba. Allurar kashe zafi za a yi a gefen ciwon, a ɗebi nama kamar ƙwayar masara daga wuri ɗaya ko biyu, a rufe, ki taka ki koma gida. Ki roƙi a tura wani ɓangaren a duba ƙwayoyin cuta da funfuna, a kuma taɓa matsematsinki a ji ko akwai kaluluwa. Ki tafi da takardun Indiya duka, musamman wadda ta nuna irin kimo ɗin da aka yi miki kafin dashe, wato magungunan kashe tsohon ɓargo, da ko an haɗa da gasa jiki da haske.

Sai Umma. Kada ki yi mata kallon mai hana ruwa gudu. Matar nan ta shekara ashirin tana kwana a zaune a gefen gadonki, ta ga an kai ki wata ƙasa an dawo da ke da rai, yanzu kuma a ce za a sa miki wuƙa. Maganar da ta faɗa, daji ba ya son ƙarfe, duk mun tashi mun ji ta, kuma na san inda ta samo asali. Mutanenmu ba sa zuwa asibiti sai ciwo ya ci ya cinye. A yanki nama a gwada, bayan wata biyu mutum ya rasu, sai a ɗora wa ƙarfen, alhali ciwon ya riga ya yi rassa tun kafin a zo. SCC da aka kama tana ƙarama, yanke ta ɗin shi ne maganinta, kuma yawancin waɗanda aka yi wa da wuri suna rabuwa da ita. Wadda aka bari ta nutsa ta kai ƙashi ita ce take jawo a yanke ƙafa. Ki zaɓi lokacin da ku biyu ne kawai, bayan isha'i misali, ki ce mata, "Umma, ni ma tsoro nake ji, har na daina shan magani ban faɗa miki ba. Ki raka ni wurin likita ki yi masa duk tambayar da kike so, in ya gama bayani sai mu yanke shawara tare." Uwa in ta ji an sa ta a cikin magana takan sauko fiye da in an zo mata da hukunci. In ta ƙi, ki nemi wanda take jin maganarsa, yayanta ko malamin da take girmamawa, ya tuna mata hadisin da ya ce Allah bai saukar da cuta ba face Ya saukar da maganinta. In duk an yi ta tsaya a kan bakanta, to 'yata shekarunki 24, ki sanar da Baba, ya sa albarka ki je a yi. Fushin Umma na kwana biyu ne, ranar da sakamako ya fito ita za ta fara tambaya. Garin maganin kuwa a dakatar da shi daga yau, cikin ladabi. Buɗaɗɗen ciwo a jikin mai raunin garkuwa ba ya son abin da ba a san tsabtarsa ba, kuma yana ɓata wa mai gwaji aiki. Haka jiƙe-jiƙen sha, domin saikulosforin dama yana wahalar da ƙoda, ba ta buƙatar ƙarin kaya. Addu'a da tofi dai a yawaita, ba abin da suke karo da shi.

Ko sakamakon ya nuna daji ko bai nuna ba, akwai tambayar da kike da haƙƙin yi wa likitocinki, kuma ita ce halastacciyar hanyar abin da kika so yi a ɓoye. Ki ce musu, shekara biyu da wani abu ina kan magungunan nan, akwai wanda za a iya ragewa? Su ma burinsu ke nan, su sauke ki a hankali har ki rabu da su in GVHD ta lafa. Borikonazol musamman yana da 'yan'uwa da ba sa sa fata ƙin rana kamarsa, kuma sau da yawa ana iya musanya shi, ko a cire shi in an ga lokacin buƙatarsa ya wuce. Taurin cinyoyin ma akwai motsa jiki da ake koyarwa don kada gaɓoɓi su riƙe. Ki rubuta tambayoyinki a takarda kafin ki shiga, don na san yadda kan mutum yake ɗaurewa a gaban likita.

Gwaggo kuma, Allah Ya bar zumunci, so take 'yarta ta fito fes ranar biki. Amma man haɗin nan kada ya taɓa jikinki. Irin waɗannan mayukan akasari ba sa rasa ɗaya cikin uku: haidirokwinon mai kashe launi, ko sitiroid mai ƙarfi da yake sa fata ta yi siriri ta riƙa tsagewa, ko sinadarin makyuri mai lalata ƙoda. A 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasar nan, wannan ga masu lafiya ma ke nan. Ke da launin fatarki yake cikin 'yan abubuwan da suka rage suna tare miki rana, kankare shi ganganci ne. Kuma ba zai daidaita dabbare-dabbaren ba, yakan ƙara fito da su. Gyaran jiki ma a yi hattara. Dilka da halawa da gurzar kurkum duk murza ne da fizga, turaren tsuguno kuma zafi ne, fatar GVHD kuwa takan tsananta a inda aka takura mata. Baƙin lalle mai haɗin rini yana tayar da ƙuraje har ga lafiyayyu. Jan lalle na gargajiya ki tambayi likitan fata, in ya yarda to, amma sai bayan ya duba faratanki da tafin hannu da na ƙafa, domin akwai wani dajin da ake kira melanoma wanda a jikin baƙar fata can ya fi fitowa, lalle kuwa rufe shi zai yi na makonni. Ki ba Gwaggo wani aikin da zai faranta mata: zaɓen lafaya da mayafi, dogon hannu mai kyau, humra a jikin tufa, da kwalliyar fuska mara sa ƙaiƙayi. Amare nawa aka kai a lulluɓe, kuma ba wanda ya ce ba su yi kyau ba.

Daga yanzu ki ɗauki wata al'ada, sau ɗaya a wata, ki sa ta ranar da ba za ki manta ba, kamar ranar ganin wata. Bayan wanka, da rana a ɗaki mai haske, ki ɗauki madubin hannu ki bi jikinki daga fatar kai har tsakanin yatsun ƙafa. Ranar kitso ki ce mai kitso ko ƙanwarki ta duba miki tsagar kai da bayan kunne. Ki buɗe baki gaban madubi, ki haska da fitilar waya, ki ɗaga harshe ki ga ƙarƙashinsa da gefensa. Fararen zane-zane kamar saƙar gizo a cikin kumatu aikin GVHD ne, amma wurin da ya yi kauri, ko ja, ko ciwon da ya wuce mako biyu zuwa uku bai warke ba, a kai wa likita. Duk abin da kika gani sabo, ki ɗora tef ɗin awon tela a gefensa ki ɗauki hoto, wata mai zuwa ki sake, sai ki ga ko ya ƙaru. Likitan fata ya gan ki aƙalla sau ɗaya a shekara, likitan haƙori duk wata shida. Rana kuma, daga hantsi zuwa la'asar ki rage yawo a cikinta. Hijabi ya riga ya yi miki rabin aiki, saura fuska da bayan hannu da ƙafa: safa, laima, da man kare fata daga rana mai lamba SPF 30 ko sama. Tunda za ki rage shan rana, ki ce a auna miki bitamin D. Taba da shisha kada ki yarda ko a kusa da ke.

Yayanki ya ba ni tausayi. Wani ya jefa masa magana rabi, ya tafi da ita yana ci a zuci. Ki same shi ki faɗa masa cewa GVHD tana faruwa ko da gwaji ya nuna ɗan'uwa ya dace ɗari bisa ɗari, saboda akwai 'yan bambance-bambance ƙanana tsakanin kowane mutum biyu in ba tagwaye masu kama ɗaya ba, kuma ba abin da ya ci ko ya yi ko ya bari da ya jawo ta. Ki tuna masa yaushe rabon da a ɗauke ki a mota cikin dare kina kukan ƙashi. Sannan ki ba shi aiki, shi zai kai ki gwajin, shi zai riƙe fayil ɗin. Namiji in yana jin laifi, hidima ta fi lallashi yi masa magani. Baba kuwa, mutumin da ya sayar da gona don ki rayu ba zai gode miki ba in ya ji kin ɓoye masa ciwo don tausayin aljihunsa. Kuɗin gwajin nama bai kama ƙafar abin da ya riga ya kashe ba, kuma jinkiri shi ne mai tsada.

Saura wanda za ki aura, kuma a nan zan ɗan wuce abin da kika tambaya, don akwai abin da nake tsoron ba a faɗa muku ba. Tun 2024 doka a Kano ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, har da na jinsin jini. In aka gwada ki yau, takarda za ta nuna na yayanki, AA ko AS, domin ɓargonsa ne yake yi miki jini. Amma ƙwan haihuwarki naki ne na asali, dashe bai taɓa shi ba, kowane ɗaya yana ɗauke da S. In mijin AA ne, 'ya'yanku duka AS za su zama, ba mai sikila. In AS ne, kowane ciki rabi da rabi ne a haifi mai SS. Kada takardar ta ruɗe ku, ki faɗa wa mai gwajin an yi miki dashe, shi kuma angon a tabbatar da nasa a wuri mai inganci. Haka nan kimo ɗin da ake yi kafin dashe yakan taɓa haihuwa, wasu magungunan kuma, har da borikonazol, ba a son a ɗauki ciki ana shan su. GVHD ma takan taɓa gaban mace ta kawo bushewa ko tsukewa, abin da ake iya magancewa in an gani da wuri. Ki ga likitar mata kafin biki, ki yi mata maganar gwajin bakin mahaifa da rigakafin HPV, ƙwayar cutar da take jawo dajin bakin mahaifa, tunda ta fi samun sarari a jikin mai raunin garkuwa.

Duk wannan ba abin da za a bari ya tarar a ɗakin amarya ba ne. Ki faɗa masa da bakinki, ko ta bakin yayanki in nauyi ya hana ki, kuma ba sai kin jira sakamako ba: ga abin da yake fatata, ga magungunan da nake sha, ga gwajin da za a yi min. In da hali ya bi ku wurin likita ya ji da kunnensa. Ba zan yi miki alkawarin yadda zai karɓa ba. Amma mutumin da ya nemi aurenki yana sane da dashen ya riga ya nuna wani abu na halinsa, kuma gara ki ga sauran halin yanzu da ki gan shi bayan an kai ki. Ranar biki kuwa kada ku taɓa ta tukuna. Sakamakon gwaji yakan fito cikin mako ɗaya zuwa biyu, wani lokacin ya ɗan zarce. In ya fito lafiya, sai a dage da jinyar gyambon a sha biki a kan lokaci, ko da bandeji a ƙarƙashin zani. In ya nuna sai an yi aiki, manya su zauna, ko a ɗaga da wata biyu, ko a ɗaura aure a jinkirta tarewa har ƙafa ta warke, duka biyun an saba yi.

Ki ajiye wayar nan da zarar kin gama karantawa, ki ɗauko kwalayen magungunan ki jera su a gabanki, ki kira likitan. In kin samu sarari bayan gwajin ki rubuto min abin da aka gani, da yadda kuka kwashe da Umma. Allah Ya ba ki lafiya mai ɗorewa, Ya sa a ji alheri.